Yadda ake canza kafireton injin huɗar lambu da kanka

Injin huɗa na hannu, irin wanda ake turawa a lambu, yawancin matsalarsa daga kafireto take fitowa. Dalili kuwa aikinsa na lokaci ne, a yi huɗa a gama sai a jingine shi wata da watanni da fetur a ciki, shi kuma fetur in ya daɗe sai mai saurin tashin cikinsa ya bi iska, ya bar wani danƙo mai ruwan ƙasa-ƙasa da yake toshe ƴan ƙananan ramukan da mai yake bi. Fetur ɗin da aka gauraya da ethanol ma ya fi muni don yana jan ruwa, ruwan ya kwanta a gindin kofin kafireto ya ci ƙarfen. Canza shi ba wani aiki bane mai wuya, noti biyu ne ke riƙe da shi a yawancin injina, amma akwai wurare uku ko huɗu da in ka kuskure su to sabon ma ba zai yi maka aiki ba, kuma su nafi so mu tsaya a kai sosai.

Kafin ka sayi komai ka fara tabbatarwa kafireton ne. Wannan ina roƙonka kar ka tsallake shi. Alamominsa sanannu ne: inji ya ƙi tashi sam, ko ya tashi amma sai da cok a rufe, kana buɗewa ya mutu, ko ya dinga hawa yana sauka shi kaɗai kamar mai haki, ko baƙin hayaƙi daga salansa, ko mai yana ɗiga ta ƙasan kafireton. Amma rashin wuta ma yana hana tashi, don haka ka kwance fulogi, ka mayar masa da hularsa, ka jingina gindinsa da jikin ƙarfen injin ka ja igiya ka gani ko yana tartsatsi. In akwai wuta mai kyau, sai ka zuba fetur kaɗan, kamar rabin ƙaramin cokali, ta ramin fulogin, ka ɗaure ka ja. In ya tashi ya yi daƙiƙa biyu uku ya mutu, to wuta lafiya, matsin fistin ma ba laifi, mai ne baya isowa. Daga nan ka duba murfin tanki, akwai ɗan ƙaramin rami da iska ke shiga ta nan, in ya toshe mai baya sauka, ka sassauta murfin ka gwada. Ka zare tiyon mai daga kafireto ka buɗe ka gani ko yana zuba sosai. Wasu injinan kuma suna da na'urar da ke kashe wuta in baƙin mai ya yi ƙasa, sai ka leƙa shi ma. In duk waɗannan lafiya lau ne to laifin ya koma kan kafireto.

Shi ma ba kullum sai an canza ba. In datti ne kawai, wanki yana isa. Amma in ka buɗe kofin ƙasa ka tarar da farin gari kamar alli ya ci jikinsa, ko tsatsa ta huda kofin, ko sandar totur tana girgiza a mazauninta, ko an taɓa cin kan jet, wato ɗan sukurun nan mai rami da mai yake bi, da sukundireba har ba zai kwantu ba, ko ka wanke ya fi sau ɗaya bai canza hali ba, to ka huta da wahala ka nemi sabo.

Wajen saye nan mutane da yawa suke faɗawa rami. Sunan da aka rubuta a jikin injin huɗar ba shi ne abin dubawa ba, don kamfanin da ya ƙera gangar jikin sau da yawa ba shi ya ƙera injin ba. Lambar injin kanta zaka nema, tana buge a jikin ƙarfen kusa da wurin zuba baƙin mai ko a jikin murfin igiya. Honda zaka ga GX160 ko GX200, masu kwaikwayonsu kuma yawanci 168F ne mai cc 163 ko 196, akwai 170F mai ɗan girma kaɗan. Briggs & Stratton suna da lambobi uku a jere, model da type da code, dukansu zaka rubuta. Jikin kafireton ma sau da yawa akwai tasa lambar. Abu mafi sauƙi ka cire tsohon ka riƙe shi a hannu ka kwatanta da sabon: tazarar ramukan noti biyun, faɗin maƙogwaron, gefen da bututun mai yake kallo, da siffar hannun totur na sama. Sannan ka kula, kafireton janareta da na injin huɗa suna kama sosai ko da injinsu ɗaya ne, amma na janareta yawanci ba shi da makullin mai a jikinsa don nasa yana jikin tanki, hannun cok ɗinsa ma daban ne. In ka ɗauko na janareta zai shiga kan notin tsaf, amma ka rasa inda zaka rufe mai. Ka tabbata akwai sababbin gaskit a cikin kwalin, in babu ka saya daban, ka haɗa da tiyon mai da filtar mai in naka yana da ita.

Kayan aiki ba su da yawa. Sifana ko soket mai lamba 10, wani lokaci da 8, filaya mai dogon baki, sukundireba mai faɗi da mai kuros, sifanar fulogi, tsumma mai tsabta, gwangwanin tarar mai, feshin wanke kafireto, sai wayarka don ɗaukar hoto.

To mu fara. Ka ajiye injin a wuri mai iska, a ƙasa mai daidai, nesa da wuta da sigari, kuma ka bari ya huce tukuna. Ka kashe makunni, ka cire hular fulogi ka ture ta gefe. Wannan cire hular ba wasa bane, inji ne mai haƙora a ƙasa, hannunka da ƙafarka suna kusa da su. Ka rufe makullin mai. Sannan kafin ka taɓa noti ko ɗaya ka goge duk ƙasar da ta daskare a kewayen kafireton da buroshi da tsumma, don injin huɗa cikin ƙura yake rayuwa, kuma da zarar ka cire kafireto ƙofar cikin injin a buɗe take, ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga zata iya karce silinda.

Ka tara gwangwani a ƙasa, ka sassauta ɗan notin da yake a karkace a gefen kofin kafireto, man ciki ya tsiyaye. Na tsakiyar gindin shi ne yake riƙe da kofin gaba ɗaya, ba shi nake nufi ba. Ka dubi man da ya fito da kyau, in ka ga ruwa ya kwanta a ƙasa ko jan tsatsa ko yashi, ka riƙe wannan a ranka, zamu dawo kansa.

Yanzu sai iya kilina, wato gidan filtar iska. Ka kwance notin sama mai fukafukai, ka ɗaga murfi, ka cire filtar. Gindin gidan filtar yana ɗaure da noti biyu masu lamba 10, su ne dai suke matse kafireton da jikin inji, a wasu kuma akwai ƙarin bol ɗaya a sama. Ka sa hannun cok da na mai su kalli waje ɗaya don su wuce ta ramin robar ba tare da sun karye ba. A baya akwai wani baƙin tiyo da ya fito daga murfin bawul ya shiga gidan filtar, ka zare shi a hankali, sai gidan ya fito.

Nan ka tsaya ka ɗauki hoto. Ka ɗauka ta sama, ta gefe, ka matso kusa yadda za a ga ramin da sandar gwamna (na'urar da ke daidaita gudun inji) ta shiga da ramin da siririn sifirin ya maƙale. Ka ɗauki har can hannun gwamna inda babban sifirin yake, duk da ba zaka taɓa shi ba, don wani lokacin yana suɓucewa kana aiki, kuma hannun yana da ramuka fiye da ɗaya, kowanne da gudun da yake bayarwa. Kar ka yarda da ƙwaƙwalwarka a nan, bayan minti ashirin duk ramukan iri ɗaya zasu zama a idonka.

Ka matse kilif ɗin tiyon mai da filaya ka ja shi baya, sannan ka murɗa tiyon kaɗan kafin ka ja, in ka fizga kai tsaye zai yage. Tunda makullin mai a jikin kafireto yake a irin wannan injin, da ka zare tiyo man tanki zai fara zuba, don haka ko ka matse tiyon da wani abu ko ka bari ya zube cikin galan. Ni na fi son a juye shi duka. Hannun cok na roba da yake sama ɗaga shi kawai ake ya fito, ka ajiye shi don wasu sababbin basa zuwa da nasu.

Sai ka jawo kafireton waje a kan dogayen notin nan biyu, kaɗan kaɗan, har ya kusa baki. Ka zare siririn sifirin da filaya, kar ka miƙar da shi. Sannan ka juya hannun totur har sandar gwamna ta yi daidai da tsagar da ke jikinsa, sai ka ɗaga ta sama ta fito da kanta. In ka ji tana tirjiya to ba ta yi daidai da tsagar bane, ka ƙara juyawa, kar ka lanƙwasa sandar don tsawonta a aune yake. Akwai kuma wani noti a gindin hannun gwamna inda ya kama sandar da ta fito daga cikin inji, shi kar ka sassauta shi ko kaɗan, babu ruwansa da wannan aikin. In ya kwance saitin gwamna ya tafi, inji zai iya tashi da gudun da zai fasa kansa. In kuma an riga an taɓa shi, gyaransa shi ne ka tura hannun har totur ya buɗe gaba ɗaya, ka juya sandar ciki zuwa ɓangaren da hannun ya tafi har ta tsaya, sannan ka ɗaure a haka.

Da kafireto ya fita ka cusa tsumma mai tsabta a bakin ramin injin. Abin da ya rage a kan notin shi ne wata baƙar roba mai kauri da gaskit gaba da baya. Robar nan aikinta hana zafin inji isa ga kafireto, ba ado bace, kuma a wasu injinan wayar fulogi ta jikinta take bi. Ka zaro su ɗaya bayan ɗaya ka jera a ƙasa yadda suka fito, fuskar da take kallon inji tana kallon sama, don kar su rikice maka. Jerin daga inji shi ne gaskit, baƙar roba, gaskit, kafireto, sai na ƙarshe na ɓangaren iya kilina wanda a wasu ƙarfe ne mai roba a jiki. Ka duba baƙar robar a haske, in ta tsage ko da siririn layi ne sai an canza ta, don iska zata dinga shiga ta nan tana tsinka cakuɗin mai, ka sa sabon kafireto amma inji ya ci gaba da hawa da sauka. Ragowar tsohon gaskit da ya manne ka kankare shi a hankali, kar ka yi wa alminiyon rauni.

Yanzu mu koma kan tanki, kuma a ganina nan ne rabin aikin yake. Dattin da ya kashe tsohon kafireto daga tanki ya zo, in ka bar shi haka sabon ma ba zai yi sati ba. Ramin jet ɗin silo, wato na ƙaramin gudun da inji ke yi in ba a ba shi totur ba, siriri ne ƙwarai, ɗan ɓurɓushin da ido ma baya gani sosai ya isa ya toshe shi. Ka juye tsohon man gaba ɗaya, ka haska cikin tankin da tocila, kar ka kuskura ka haska da ashana ko laita. In akwai yashi ko ruwa ka kwance tankin ka zuba sabon fetur kaɗan ka girgiza ka zubar, ka maimaita har abin da ke fita ya zama garau. A bakin inda tiyo yake kamawa yawanci akwai ɗan rariya a ciki, ka kwance ka wanke. In tankin ƙarfe ne ya yi tsatsa har tana ɓarewa, gaskiya canji ya fi, in ba hali to a ƙalla ka sa filtar mai a tsakanin tanki da kafireto. Tiyon da ya bushe ya yi tauri ko yake tsattsagewa shi ma ka canza, don ta ciki yake marmashewa.

Kafin ka ɗora sabon ka duba shi a hannu. Ka motsa totur da cok ka ji suna juyawa ba maƙalewa. Ka jijjiga shi a hankali, zaka ji fulot, wato abin da ke yawo a kan mai cikin kofi, yana motsi a ciki. Ka ɗan gwada notin kofin ko a ɗaure yake, don wani lokacin suna zuwa a sake. Mutane da yawa suna cire babban jet na tsohon su kwatanta lambarsa da ta sabon, lambar a buge take a jiki, in akwai bambanci sosai kuma tsohon jet ɗin lafiyarsa ƙalau to a wanke a mayar da shi cikin sabon, wannan dabara ce mai kyau.

Ka cire tsumman nan daga bakin inji, kar ka manta shi. Ka jera gaskit da baƙar roba yadda suka fito. Gaskit ɗin nan suna da gaba da baya, ramin tsakiya na wasu ba zagaye bane cikakke, kuma akwai ƴan ƙananan ramuka ko tsaga a gefe da dole su yi daidai da na jikin kafireto. Musamman na ɓangaren iya kilina, in ka juya shi ya rufe ƙananan ramukan iska da ke fuskar kafireton, inji zai dinga shan mai da hayaƙi ko ya ƙi tsayawa a silo, kai kuma kana zargin sabon kaya. Ka ɗora kowanne a fuskarsa ka leƙa ta haske kafin ka zura. Kar ka shafa gam ko silikon, fetur yana narkar da shi ya shige ciki ya toshe hanya, a bushe ake sa su.

Ka zura kafireton bakin notin kawai, ka sa sandar gwamna a raminta, ka maƙala siririn sifirin, ka duba hotonka, sannan ka tura shi ciki. Siririn sifirin nan kar ka raina shi, shi yake ɗauke lakon da ke tsakanin sanda da rami, in babu shi inji baya zama a gudu ɗaya. Ka tura hannun gwamna da yatsa gaba da baya ka ga totur yana buɗewa yana rufewa ba tare da ya kama ko'ina ba. Ka mayar da hannun cok, ɗan hancinsa ya shiga tsagar da ke kan sandar cok, ka gwada ka leƙa maƙogwaro ka ga faifan yana rufewa ruf. Tiyon mai ya shiga har ƙarshe, kilif ya hau kansa. Sai gidan filta, da baƙin tiyon murfin bawul wanda shi aka fi mantawa, in ka bar shi a buɗe ƙura zata dinga shiga kai tsaye. Notin biyun ka ɗaure su bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, har su kama daidai. Basa son ƙarfi, in ka matse da yawa robar zata fashe ko fuskar kafireton ta lanƙwashe.

Filtar iska kar ka mayar da mai datti. Ta takarda in ta yi baƙi a canza, ta soso a wanke da ruwa da sabulu ta bushe sarai, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a matse. In naka irin mai kofin mai a ƙasa ne ka zubar da tsohon ka zuba sabo zuwa layi. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka shinshina, in yana warin fetur ko ya yi ruwa ko ya haura inda ya kamata, to tsohon kafireton ya dinga malalo mai cikin inji, sai ka juye ka zuba sabo kafin ka tada, irin su GX160 da GX200 kusan lita 0.6 suke ci. Fulogi ma in ya yi baƙi ka goge ko ka canza, tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8.

Ka zuba sabon fetur, ka buɗe makullin mai, ka jira kamar minti biyu kofin ya cika kana kallon ƙasa. In ka ga ɗiga ka rufe nan take. In ta bakin maƙogwaro yake fitowa to allurar fulot ce bata zauna ba, ka ɗan ƙwanƙwasa kofin da gindin sukundireba, sau da yawa yana tsayawa. In a bushe yake, ka mayar da hular fulogi, ka tabbata giya a furi take kuma hannun kuloci a sake, haƙoran basa taɓa komai. Ka kunna makunni, ka rufe cok, totur kamar kashi ɗaya cikin uku, ka ja igiya. Da ya tashi ka dinga buɗe cok a hankali, ka barshi ya yi zafi minti uku zuwa biyar kafin ka yanke hukunci a kan sautinsa.

Saitin silo da sukurun da yake tokare hannun totur ake yi, ka shigar gudu ya ƙaru, ka fitar ya ragu. A Honda GX kusan juyi 1,400 ne a minti, in baka da ma'auni ka sa shi inda yake zaune lafiya baya neman mutuwa, kuma haƙora basa juyawa. Sukurun cakuɗin mai, in naka yana da shi a buɗe, ka dinga juya shi kwatan zagaye a kowane karo kana saurare har ka samu inda sautin ya fi santsi, kar ka taɓa ɗaure shi da ƙarfi har ƙarshe don bakinsa siriri ne. In har yanzu yana hawa da sauka kuma rufe cok rabi yana gyara shi, iska ce take shiga ta wani wuri, ka fesa ɗan feshin kafireto a kewayen gaskit yana silo, nesa da salansa, in sautin ya canza to nan take shiga. Bayan haka ka kai shi ƙasa ka yi huɗa ta gaske, don sai da nauyi a kansa ake sanin ko yana samun mai isasshe. In ya huce ka sake taɓa notin biyun, sabon gaskit yana kwanciya bayan zafin farko.

Masu ƙananan injin huɗa na tu-sitirok, wato waɗanda ake gauraya musu fetur da man inji, irin su Mantis, naku ya ɗan bambanta. Kafiretonsu ba kofi ba fulot, da wata siririyar fata yake tsotso mai, yawanci Zama ko Walbro ne. Sukuru biyu ne ke riƙe da shi, wayar totur ce a maimakon sandar gwamna, kuma tiyo biyu ne, ɗaya mai filta a cikin tanki shi ke kawo mai, ɗayan yana mayarwa. In ka sauya su robar da ake dannawa ba zata cika ba, sai ka yi musu alama kafin ka cire. Gaskit ɗinsu yana da ɗan rami da bugun inji yake bi ya motsa fatar, in ya rufe ba mai ko ɗigo. Cakuɗin mai kuma ka bi abin da littafin injinka ya ce, da yawa 50 ne zuwa 1, wato mililita 20 na man tu-sitirok a lita ɗaya ta fetur.

Duk ranar da ka san zaka jingine injin fiye da wata guda, ka rufe makullin mai yana aiki ka barshi ya mutu da kansa, sannan ka buɗe notin gefen kofi ragowar ta zube, in ajiyar zata yi tsawo ka juye na tankin ma, ka rufe iya kilina da kyau ka ajiye shi inda ruwa baya dukansa.